Mai Ƙaho da Mai Tebur

Litinin, ƙarfe goma na safe

Benvinda ce ke rubuta wannan, 'yar ƙanena Albano, Allah ya jiƙansa. Ni Deolinda ban taɓa zama a aji ba. Lokacin da yara ke zuwa makaranta ina bayan awaki a duwatsun ƙauyenmu a Fotugal, daga nan sai miji, sai jirgin ƙasa zuwa Faransa, sai goge benen mutane har gwiwoyina suka ƙare. Likita ce ta ce in riƙa faɗin abin da ya faru ana rubutawa, wai don kada kaina ya kwance. Kaina! Ya fi nata ɗauri. Amma tunda Benvinda na zuwa ta yanke min farce ta shanye kofin gidan nan, gara ta yi abin amfani. Rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara. Na san ki, tun kina yarinya kike son a ce ke ta kirki ce.

Gidan ɗana nake zaune, Amadeu. Kyaftin ne, shi ke tuƙa manyan jiragen saman nan masu tsallake teku. Cikin waɗanda na haifa shi kaɗai ya tsaya. Matarsa Odile, 'yar ƙasar nan ce, a asibiti take aiki, doguwa kamar falwaya. Ba su haihu ba. Ban ce laifin wane ne ba.

Rage murya in za ki yi magana. Ba ki ga jan ƙyallen a hannun ƙofarsa ba? Da yamma zai tashi da jirgi, yanzu barci yake. In aka ɗaura ƙyallen nan gida ya mutu ke nan: ba rediyo, ba a kora ruwan bayi, kowa da safa. Har ƙarfen da nake dogarawa Odile ta sa wa ƙwallayen roba a ƙafa, wai yana ƙwanƙwasa daɓe. Tari ma sai na cusa baki a matashi. Ban taɓa ƙorafi ba. Mutane cike da jirgi za su hau bayansa su yi ta minshari, dole shi ya fara yin nasa.

Laraba, bayan abincin rana

Ya dawo, idanu jajur kamar gauta. A tebur aka yi zancen jirage. Kamfaninsu zai jingine tsohon jirgin da yake tuƙawa, an ce kowane matuƙi ya zaɓi ɗaya cikin biyu. Su da lamba suke kiransu, ni na raɗa musu nawa suna: Mai Ƙaho da Mai Tebur.

Mai Ƙaho, abin tuƙinsa a gaban cikinka yake, kamar ƙahon bijimi, mai nauyi, ka kama da hannu biyu in ka so. In za ka ci abinci sai ka ɗora faranti a gwiwa kamar ɗan gudun hijira. Ƙara kuwa kamar injin niƙa. In tafiya ta yi nisa su uku ne, suna karɓa-karɓa, ɗaya ya je ya kwanta. To makwancin Mai Ƙaho, in ji Amadeu, akwatin gawa ne aka sa wa fitila. Jikin bayi yake, duk wanda ya kora ruwa a kanka ya kora, sanyi kuma har ɓargo.

Mai Tebur sabo ne fil. Ba ƙaho. 'Yar sanda ce guntuwa a gefe kamar ƙotar wuƙa, kyaftin ya riƙe ta da hannun hagu kaɗai, da ka taɓa ta jirgi ya ji. Gabanka fili, ka jawo tebur ka ci abinci kamar ɗan mutane. Makwancinsa ana hawa 'yar matakala, gado mai faɗi, labule, har da abin murɗa ɗumi. Iskar cikinsa ba ta fasa leɓe. Kuma a filin jirgin nan na bayan gidanmu yake kwana. Mai Ƙaho kuwa an kwashe su kaf an kai Jamus, kaya suke ɗauka. Wanda ya zaɓe shi can zai kama ɗaki, gida sai jefi-jefi.

A wajensu wanda ya fi daɗewa a aiki shi ke fara zaɓa, Amadeu kuma yana cikin na gaba-gaba. Yaran matuƙa har mafarkin Mai Tebur suke yi ba su samu ba.

Na ce, "To ai magana ta ƙare. Wa zai bar gado ya shiga akwatin gawa da ransa?"

Ya ce, "Ina tunani tukuna, Mama."

Na ce, "Tunanin me?"

Odile ta miƙe ta hau kwashe kwanuka, ni ko kifina ban gama ci ba.

Juma'a, da hantsi

Mai Ƙaho ya zaɓa. Ba a gaya min ba, ta bango na ji. Bangon gidajen zamani ai kwali ne.

Odile ce ta ce, "In ka tafi Jamus ni kaɗai ba zan iya ɗaga ta ba, Amadeu. Bayana ya ƙare. Jiya a bayi saura kaɗan mu zube mu biyu." Ya ce, "Na sani." Ta ce, "To in kira su su riƙe mana ɗakin?" Sai ya yi shiru. Shirun nan na san shi, na ubansa ne, e yake nufi.

Gidan tsofaffi, Benvinda. Rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Wai bayanta ya ƙare. Ni da tsohon ciki nake ɗaukar buhun dankali in hau dutse da shi. Ita jaka ɗaya ta ɗauko daga kanti sai ta dafa ƙugu tana nishi kamar ta haifi 'yan biyu. Ta ina za ta san haihuwa.

Asabar, da yamma

Ban ci miyarta ba. Kwanon kawai na ture.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Na ga wani abu yau. Ba zan faɗa ba. Rubuta zancen Serafim maimakonsa.

Serafim mijina magini ne, rabin gidajen unguwar da muka fara zama da hannunsa a ciki. Bai daɗe da yin furfura ba hannunsa ya fara rawa. Na hagu ya fara. Namiji ne, sai ya hau ɓoyewa: hannu a aljihu, hannu a hamata, hannu a ƙarƙashin cinya in ya zauna. In za mu fita coci sai ya ce in sa masa maɓalli, wai yana sauri. A wajen aiki babu wanda ya gane da wuri, don ya koma zaɓen kaya masu nauyi. Yakan ce min, "Ba ni guduma, Deolinda, kar ki ba ni ashana." Abu mai nauyi kwantar da hannu yake. Mara nauyi shi ke tona asiri. Ubansa ma haka ya yi. Jininsu ne, ba nawa ba. Mu a gidanmu har mu mutu zare muke zurawa a allura.

Amadeu ya koma shan kofi da hannu biyu kamar yaron goye. Wai sanyi yake ji. Sanyi, ana wannan rana, taga a buɗe.

To ke da kika yi makaranta, gaya min: me zai sa mutum ya ƙi 'yar sanda mara nauyi, ya ƙi gado, ya ƙi tebur, ya ƙi gidansa, ya je ya rungumi ƙaho a Jamus? Kar ki amsa. Kuma in na ji maganar nan a bakin wani, cewa zan yi ƙarya kika rubuta. Ai ni ban iya karatu ba.

Alhamis, bayan abincin rana

An kai ni ganin wurin, gidan tsofaffin. Ba su ce ganin wuri ba, wai shan iska.

Fes yake, ban ƙi ba. Warinsa dai na dafaffen kabeji da fitsari da turaren da aka fesa don a ɓoye fitsarin. An jera su a gaban talabijin kamar kabewa a rumfa, baki a buɗe. Wata ta kama min siket tana kira na da sunan 'yarta. Na fizge. Shugabar wurin, yarinya mai murmushi kamar an manna mata, ta durƙusa gabana tana min magana da ƙarfi da kalma ɗai-ɗai, "Ka-ka, ga lam-bu!" Na ce da Amadeu da yarenmu, "Gaya mata kunnena lafiya lau, hancina ne ya shiga uku." Bai fassara ba.

Ɗakin, in kika miƙa hannu kin taɓa bango. Gado mai ƙarfe a gefe. Na ce, "Wannan ai makwancin Mai Ƙaho ne, kyaftin. Kai ma ka samu naka, ni ma ka samo min nawa." Odile ta leƙa taga. Shi ya ce, "Duk sanda na dawo zan zo, Mama." Hannunsa na hagu a aljihu.

A mota ita ta tuƙa. Tun yaushe take tuƙa shi? Ban lura ba sai yau.

Asabar, da hantsi

Jiya Odile tana wajen aiki, ya shigo gyara min matashi. Na ce ya zauna.

Na ce, "Ba ni hannunka."

Ya miƙo na dama.

Na ce, "Ba wannan ba. Ɗan'uwansa."

Ya yi dariya, irin wadda yake yi yana yaro in ya saci sukari. Ya ce, "Mama, duba za ki yi min?"

Na ce, "Na riga na duba. Na ubanka na riƙe shekara da shekaru, kana jin ban san kamanninsa ba?"

Ya miƙe ya rufe ƙofa, alhali ba kowa a gidan. Ya ce gajiya ce da yawan kofi. Ya ce ba kullum ba ne. Ya ce a Mai Ƙaho ba abin da zai faru, shi ya san irin jirgin kamar yunwar cikinsa, ga abokin tuƙi a gefe, kuma kaya ne ba mutane ba. Ya ce likitansu bai ga komai ba bara. Ya ce, "Shekaru kaɗan suka rage min in ajiye da kaina, da mutuncina. Ki bar ni in ƙarasa."

Na ce, "Ni fa, nawa suka rage min?"

Ya juya yana gyara matashin.

Na ce, "In likitan naku ya gani, me za su yi?"

Ya ce, "Su karɓe lasisi. In zauna a gida."

Na ce, "A gida."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Mama, ba za ki yi min haka ba."

Na ce, "Na ce zan yi wani abu? Tambaya na yi. Tsohuwa ba ta da ikon tambaya?"

Ya sumbaci goshina ya fita. Bakinsa sanyi ƙalau.

Litinin, da safe

Jan ƙyalle. Na yi tari sau ɗaya ban sa matashi ba.

Talata, ƙarfe uku na yamma

Odile ta shigo da akwati, wai a fara ware kayan sanyi. Ta ɗaga baƙin mayafina ta ce, "Wannan za a tafi da shi, Mama Deolinda?" Na ce, "Ajiye shi, ke za ki buƙace shi kafin ni." Ta fita tana goge ido. Kar ki kalle ni haka, Benvinda. Ruwan ido a wajenta kamar famfo ne.

Alhamis, da hantsi

Ban yi addu'a ba yau. Na riƙe carbi na rasa me zan roƙa wanda zan iya faɗa da baki.

Ranar Lahadi za a yi cin abinci, na sallamarsa da tsohon jirgi. An gayyato Gildas. Kin san shi, mai ƙaton ciki, abokinsa tun suna koyon tuƙi. Yanzu shi ke jarraba matuƙa a jirgin ƙaryan nan da ke cikin ɗaki, in ya ce mutum bai isa ba, bai isa ba. Yana sona. Kullum cewa yake ba mai dafa busasshen kifi irina. Na ce da Odile ni zan tsaya a kan girki, in da zama ne. Ta yi murna, shashasha, ta ɗauka na haƙura.

Ki ɗauko min kwalbar nan ta ƙasan kabad, giyar ƙauyenmu da Albano ya kawo zuwansa na ƙarshe. Goge ƙurar. Ajiye ta nan kusa da ni.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Zauna. Ai kin ji, fuskarki ta nuna. To ki ji daga bakina, don kowa zai ƙara gishiri.

Kifi ya yi kyau. Gildas ya ci ya ƙara har yana sassauta bel. Tun daga ƙofa yake tsokanar Amadeu. "Kai mutumina, ka haukace? Mutane na neman Mai Tebur da kuka, kai an miƙo maka a faranti ka ce ƙaho kake so? Da tsufanka za ka koma cin abinci a gwiwa?"

Amadeu ya ce, "Ni matuƙi ne, ba ɗan hutu ba. Ku je ku yi ta wasa da 'yar sandarku."

"Ɗan hutu? Na gode! Ranar nan na kwanta a gadon nan, sai da yaron da muke tuƙi tare ya zo ya ja min ƙafa, wai kyaftin, mun kusa. Na ce a ƙara zagayawa. Kai kuwa je ka kwana jikin bayi, Jamusawa su yi ta kora maka ruwa a ka."

"Kaya ba sa zuwa bayi, sarkin ci."

"Abokan tuƙinka fa? Mama Deolinda, ki yi masa magana mana, ɗan nan naki taurin kai kamar jaki."

Na ce, "Ni wace ce? Ni ai kaya ce, ɗana. Ni ma an samo min inda za a sauke ni."

Aka yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba.

Na lura da shi duk tsawon cin abincin. Ya iya, ban raina masa ba. Kifi ba ya son wuƙa, cokali mai yatsu a dama ya ishe shi. Hagu tana kan cinya. Burodi Odile ke yanka masa tana hira kamar ba komai. Wato ta sani. Tun tuni ta sani, su biyu suka haɗa kai, ni ce bare.

Da aka kawo 'ya'yan itace na ce a buɗe kwalbar Albano. Na ce a ƙauyenmu in ɗa zai yi tafiya mai nisa, uwarsa ke cika masa kofi har baki, ya ɗaga ya shanye a tsaye, in bai zubar ba hanya ta yi kyau. Haka ake yi. Ke kin taso a nan, ba ki sani ba. Tambayi duk wanda kika ga dama, in kin samu mai rai.

Gildas ya hau tafi. "A yi mana na gargajiya!"

Na cika ƙaramin kofin gilas da kaina, har ya yi tozo. Ni hannuna bai motsa ba, kin san ni. Na ce, "Amadeu, taimake ni in miƙe, ba a yin sa a zaune." Ya zo ya ba ni hannun dama. Na kama da hannu biyu, na jingina duk nauyina, ai ƙafafuna ba su da ƙarfi, kowa ya sani. Na ce, "Ɗauki kofinka, ɗana."

Odile ta ce, "Bari in riƙe ta."

Na ce, "Uwa ke riƙe ɗanta. Ke zauna."

Ya dube ni. Ya ce a hankali, da yarenmu, "Mama, sake ni."

Na ce da nasu yaren, yadda kowa zai ji, "Baƙo na jira."

Ya ɗauka.

Ban taɓa jin gilas ya yi ƙara a haƙoran mutum haka ba. Kafin ya kai baki rabi ya tafi, a hannun riga, a ƙirji, a farin mayafin tebur na Odile. Ya so ya tsayar, abin ya ƙaru, kin san haka yake. Ya yi ƙoƙarin zare damansa. Ni kuwa in na saki ai faɗuwa zan yi.

Gildas ya daina tafi. Hannun kawai yake kallo, kallon aiki, ba na aboki ba. Can ya ce, "Tun yaushe, Amadeu?"

Na ce, "Kai, ka ɓata rigarka. Haka ubanka yake yi."

Wannan kaɗai na faɗa. Wannan magana ce? Uwa ba za ta tuna mijinta ba?

Laraba, da yamma

Gildas ya zo, bai shigo ba. A mota suka zauna su biyu, na hango ta taga. Sun daɗe. Shi ke magana, Amadeu na kallon gaba. Da zai tafi ya ɗago ido ya gan ni. Na ɗaga masa hannu. Bai ɗaga ba. Mutumin da ya cinye min kifi.

Juma'a, da hantsi

Sun je wajen likitan kamfani. Da jakarsa ta tafiya ya fita, ban san don me ba, sabo ne ko. Ya dawo ya ajiye ta a bayan ƙofa, har yanzu tana nan.

Odile ta shigo ba sallama. Ta tsaya a kaina ta ce, "Kin ji daɗi?"

Na ce, "Na me?"

Ta ce, "Tun yana ɗan yaro ba abin da ya sani sai sama. Ke kika gaya min yadda yake hawa rufin bene yana ƙirga jirage. Ke kika kai shi, ke kika sauko da shi."

Na ce, "Ni na sa masa rawar hannu? Ki gode min ma. Da ya faɗo da jirgi a kan gidajen mutane fa? Ke ma'aikaciyar asibiti, kin sani kika yi shiru."

Ta ce, "Da don mutane kika yi, da na durƙusa na gode miki. Don gadonki kika yi."

Na ce, "Ke don me kika yi naki shirun?"

Ta ce daga yau ba za ta ƙara taɓa jikina ba, ko da bayanta ya warke. Na ce dama hannunta sanyi gare shi kamar kifi.

Ni ban ce komai ba ranar nan, Benvinda. Kofi na cika.

Lahadi, bayan coci

Ba wanda ya kai ni. A rediyo na ji.

Talata, da hantsi

An fasa ɗakin. Na ji shi a waya yana cewa a ba wani, mahaifiyarsa za ta zauna a gida, akwai mai kula da ita yanzu. Rubuta wannan. Akwai mai kula da ita.

Odile ta tafi wajen 'yar'uwarta a bakin teku, wai hutawa. Da manyan akwatuna biyu ake hutawa?

Yanzu shi ke ɗaga ni, shi ke kai ni bayi, shi ke min wanka. Ya iya, kamar an koya masa. Ba ya ɓata lokaci, ba ya mantuwa, komai a kan ƙa'ida. Sai dai ba ya magana. "Ɗaga hannu." "Juya." "An gama." In jirgi ya wuce ta saman gida ba ya ɗaga kai. Da can ta ƙara kaɗai yake gaya min wane ne, ina za shi. Jiya na ce, "Wannan Mai Tebur ne ko?" Ya ce, "Juya."

Zai huce. Ɗa ba ya fushi da uwa har abada. Ni na san abina.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Kar ki taɓa rigar. Bar ta haka. Na ce bar ta.

Miyar kabeji ya yi, irin tamu, da kansa. Ta yi daɗi, ɗan abin da na samu. Na ce ya ajiye min zan ci da kaina kamar kullum. Ya ce a'a, ai likita ta ce a riƙa taimaka min. Ya jawo kujera, ya zauna dab da ni. Ya riƙe kwano da dama. Cokali a hagu.

Na ce, "Sauya hannu mana."

Ya ce, "Buɗe baki, Mama."

Ya ɗebo. Kafin ya iso rabi a wuyana, rabi a ƙirjina, da zafinta. Cokalin na bugun haƙorana. Na kau da kai, ya jira. Ba tsawa, ba harara, fuskarsa kamar yana sauraron labarai. Na juyo, ya sake ɗebowa. Na ce, "Amadeu, kana ƙona ni." Ya hura cokalin, ya ce, "Buɗe baki." Haka, haka, har ya kankare gindin kwano. Ya goge min baki da kyau. Ya ce, "Da yamma akwai saura. Gobe ma ina nan. Kullum ina nan yanzu."

Ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

To me kike kuka? Ke aka ƙona? Yana gida. Ɗana yana gida, ina ɗakina, a kan gadona, ba wadda ta kama min siket. Wace tsohuwa ce a unguwar nan ɗanta kyaftin ke ba ta abinci a baki? Rubuta haka. Rubuta cewa ya ba ni da hannunsa.

Yunwa nake ji. A'a, kar ki je kicin, zai ji motsinki. Ƙarfe nawa yake kawo na yamma?

Ajiye alƙalamin. Na gaji.

Ta juya fuska bango. Na jira har kofina ya huce, ba ta ƙara cewa komai ba. — Benvinda